Daga Silimar Normandie zuwa Ɗakunan Musgum

Hajiya: Masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan garin Kusuri na Kamaru. Malam, idan baƙo mai son tarihi ya haye gadar Ngeli ya shiga Injamena, ina ya kamata ya fara nufa?

Malam: Gidan silima na Normandie, Hajiya, wanda ke kan titin Charles de Gaulle. An gina shi tun ana kiran birnin Fort-Lamy, sannan yaƙin basasa ya sa aka rufe ƙofarsa, ya zauna kango kusan shekara talatin. Fim ne ya tayar da shi: a 2010 mai shirya fim ɗan Chadi Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe, ya karɓi kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa, sai gwamnati ta ga bai dace ba a ce duniya ta kalli aikin ɗan ƙasa, mutanen gida kuwa ba su da zauren da za su kalla. Aka gyara ginin, aka sake buɗe shi a farkon 2011.

Hajiya: Mu a Kamaru, a 2009 aka rufe manyan gidajen silima uku da suka rage, a Yawunde da Duwala da Bafusam. Shi ya sa nake roƙon matafiyi ya nemi dattijon da ya yi kallo a Normandie ya raka shi, domin shi ne zai nuna masa tagar sayar da tikiti, da bakin ƙofar da masu gyaɗa ke zama kafin a kashe fitila.

Malam: Haka yake. Ta ɓangaren adabi kuma, akwai ɗakunan ƙabilar Musgum na ƙasar Pus, a bakin kogin Logon, waɗanda marubucin Faransa André Gide ya gani a 1926, ya kuma yaba su a littafin tafiyarsa. Da laka zalla ake gina su, babu azara, kuma tudun zanen da ke jikin bango shi ne matakalar da magini ke hawa har zuwa kafar hayaƙi da ke sama.

Hajiya: Sai dai, Malam, idon baƙo ne ya yi wannan kallo. Wanda zai wuce Marwa ya haɗa da littattafan 'yar garin, Djaïli Amadou Amal, wadda ta ci kyautar adabin Faransa ta Goncourt ta ɗalibai a 2020, domin ita daga cikin gida ta rubuta halin da matan wannan yanki suke ciki.