Babban Littafi da Takardar Yau: Mu Sake Duba Yadda Muke Tsara Ayyukanmu

An rubuto wannan lacca daga faifan muryar da aka naɗa a wani zauren taro a cikin birnin Kano. Mahalarta sun haɗa da 'yan kasuwa, ɗalibai, masu sana'ar hannu da matan aure.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, yayyena da ƙannena maza da mata, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya je Dawanau da sassafe ya ga ana sauke buhunan gero da masara, ko ya ratsa Kantin Kwari da hantsi, ya san mutumin Kano ba malalaci ba ne. Amma da yawanmu muna kwanciya a gajiye, ga kuma nauyin abin da ba mu yi ba yana danne mana ƙirji. Wasu sun ji shawarar cewa a riƙa rubuta jerin ayyuka, sun kuma gwada. Sai mutum ya ɗauki takarda ya jero: kuɗin makarantar yara, rufin ɗaki, kundin digiri, auren ƙanwa, sayen data, dubiyar Baba. Abu ashirin a shafi ɗaya. Dare ya yi, ya soke uku, ya kwafe sauran zuwa gobe. Kafin mako ya zagayo ya daina buɗe shafin, domin ganinsa ma ɓacin rai ne. Daga nan ko dai ya ce shi ne ba shi da himma, ko ya sauke sabuwar manhaja a waya yana zaton ita ce magani.

Ni a ganina laifin ba na mutumin ba ne, ba kuma na takarda ba. Mun ɗora wa takarda ɗaya aiki biyu da ba sa zama wuri guda: tunawa da duk abin da ke kanmu, da kuma jagorantar yinin yau. Raba su shi ne maganata a wannan zama.

Mu fara da tunawa. A shekarar 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bluma Zeigarnik, ta wallafa binciken da ta yi a Berlin, inda ta ga mutane sun fi tuna aikin da aka katse su suna cikin yinsa fiye da wanda suka kammala. Kowa a nan ya san wannan a jikinsa. Kana tsaye a sahu, sai ga tunanin kuɗin da ba ka tura wa mai kaya ba. A 2011 wasu masana biyu a Amurka, Masicampo da Baumeister, suka nuna cewa ba lallai sai ka gama aikin ba kafin zuciya ta sake ka. Idan ka tsara a fili yaushe da yadda za ka yi shi, tunanin yakan lafa.

Mu kuma muna da abin da ya riga waɗannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Ɗan kasuwar Kwari ba ya wasa da littafin bashinsa. To, ranar da ka ce wa mutum "zan yi", ka ci bashi, ko da kobo bai shiga tsakaninku ba. Alkawari kaya ne. Don haka kowa ya samu babban littafi guda ɗaya, na takarda ko na waya, ya zuba komai a ciki: abin da ya yi wa mutane alkawari, abin da ya yi wa kansa, da abin da yake jira daga wasu. Guda ɗaya na ce. Ba rabi a bayan rasit, rabi a saƙon murya na WhatsApp, sauran a tafin hannu ba.

Amma ku lura, mai littafin bashi ba ya fita ya bi duk masu bashinsa a rana guda. Yakan duba ya ce yau wane da wane. Wannan ita ce takardar yau, kuma shawarata kada ta wuce abu uku.

Na ga wasu suna girgiza kai, wai uku sun yi kaɗan. Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, shi da abokin aikinsa Amos Tversky sun bayyana tun 1979 cewa ɗan Adam yana raina lokacin da aiki zai ci, ko da ya sha yin irinsa a baya. Ba sai mun je nesa ba. Teloli suna cikinmu, ina girmama sana'arsu, kuma sun san abin da nake faɗa. Azumi ya kama, shadda da yadi suna ta shigowa, tela yana lissafi da ranar da komai ya tafi daidai: akwai wuta, keke bai lalace ba, yaran shago duk sun zo. Ba da niyyar yaudara ya karɓa ba. Amma daren Sallah sai ga mutane cike da ƙofar shago, zumuncin shekaru yana neman lalacewa a kan riga. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin mutumin kirki ne yake zama maƙaryaci a idon jama'a saboda kuskuren lissafi kawai. Ɗalibi da ma'aikaci ma haka suke yi wa kansu, sai dai nasu ba a gani a bakin titi. In ka gama ukun da sauran rana, babban littafi yana nan, ka ɗauko na huɗu.

Sai yadda ake rubuta su. "Kundin digiri" ba aikin yini ba ne, aikin watanni ne, shi ya sa ido yake tsallake shi kullum. Rubuta matakin farko da hannu zai iya kamawa: buga wa malami waya a nemi ranar ganinsa. Maimakon "rufin ɗaki", rubuta: kira kafinta ya zo ya auna kwano. Abin da kuma bai wuce minti biyu ba, kada ma ka rubuta, yi shi nan take.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Yawancin tsare-tsaren da ake koyarwa a intanet an gina su a kan agogo: ƙarfe tara kaza, tara da rabi kaza. A garin da cunkoso ɗaya a Ƙofar Nassarawa zai iya cinye maka rabin awa a cikin adaidaita sahu, irin wannan tsari yakan rushe tun kafin hantsi. Mu kuwa yininmu a yanke yake tun asali. Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i. Da su muke sa lokacin ɗaurin aure da na jana'iza, da su muke cewa "mu haɗu bayan La'asar". Me zai hana mu rataya ayyukanmu a jikinsu? Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi shekaru yana nazarin wannan, ya kuma nuna cewa wanda ya ƙulla niyyarsa da wani abu tabbatacce, ya ce "idan kaza ya faru zan yi kaza", ya fi cika niyyar a kan wanda ya ce kawai "zan yi". Wane abu ne ya fi kiran salla tabbata a Kano? Aikin da ke bukatar nutsuwa, karatu ko lissafin shago, a ba shi bayan Asuba, kafin waya ta fara ƙara. Zirga-zirgar banki da ofis tsakanin hantsi da Azahar. Kiran waya da biyan bashi bayan La'asar.

Akwai kuma ayyukan da ba lokaci suke jira ba, hali suke jira. A ware musu shafi a babban littafi. Shafin "idan an kawo wuta": guga, caji, buga takardu. Shafin "idan na shiga Sabon Gari": duk abin da za a saya a can, don kada a je sau uku a mako.

Sannan a bar tazara ɗaya babu komai a cikinta. Rasuwa ba ta sanarwa, haka rashin lafiyar maƙwabci, haka baƙo daga ƙauye. Waɗannan ba su ɓata maka tsari ba, haƙƙi ne a kanka, kuma tsarin da bai bar musu gurbi ba bai dace da mu ba. Sai dai a bambanta su da hayaniya. Shugaban Amurka Eisenhower, a wani jawabi a 1954, ya yi maganar bambancin abu mai gaggawa da abu mai muhimmanci. Saƙon da ya shigo zauren WhatsApp yana da ƙara, amma duba hawan jinin mahaifiyarka, da ba ya ƙara, shi ne mai muhimmanci.

Sau ɗaya a mako, daren Alhamis ko safiyar Juma'a, a zauna da babban littafi. Abin da ya yi wata biyu ba a taɓa ba, a yanke masa hukunci: ko a sa masa rana, ko a miƙa wa wani, ko a soke. In alkawarin wani ne, a kira shi a ce ba zai samu ba. Kunya tana sa mu ce "to, in sha Allah" alhali mun san ba za mu yi ba, kuma wannan bai kamaci kalmar ba. Gara mutum ya ji "a'a" yau ya nemi wata hanya.

Bayan an buɗe fagen tambaya, wata baiwar Allah ta ce: "Malam, mu matan gida aikinmu ba ya ƙarewa. Girki, wanki, yara, ga 'yar sana'a. Ta ina abu uku za su ishe mu?"

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, tambayarki tana kan hanya. Girki da shara da shirya yara kada su shiga takardar yau, domin ba a mantawa da su, rubuta su ƙarin nauyi ne kawai. Ukunki su zama abubuwan da aikin kullum yake binnewa: ranar rigakafin jariri, zubin adashi, kai wa mai oda turarenta, ko zuwanki asibiti ke da kanki, wanda na san mata da yawa suna ta ɗagawa. Ki zaɓi tazarar da gida ya fi yin shiru, ga mafi yawa bayan yara sun tafi makaranta ko Islamiyya, ki ba wa ɗaya daga ciki. Ku kuma magidanta da ke zaune a nan, idan za ku duba babban littafinku ranar Juma'a, ku tambayi uwargida abin da ke cikin nata, ku ɗauki wanda za ku iya ku mayar cikin naku, kamar kai yaro rigakafi ko karɓo magani.