Lacca: Me Ya Sa Maganin Ciwon Daji Yake Daina Ci?

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, da ku da kuke tsaye a baya, sannunku da zuwa.

Manya a cikinmu sun san zamanin kulorokwin. Ka sha, ka kwana kana susa, zazzaɓi ya sauka. Daga baya ya daina ci, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Ciwon daji ma haka yake yi, sai dai shi a jikin mutum guda.

Ku ɗauki kansar jinin nan da likitoci ke kira CML. A 2001 Amurka ta amince da imatinib, maganin da yake toshe wani sinadari mai suna BCR-ABL, wanda shi ke ingiza ƙwayoyin jini su yi ta yaɗuwa ba tsayawa. Magani ne na gaske. Amma a jikin wasu, wuri ɗaya tak a sinadarin sai ya sauya, wato gurbi na 315 a jerinsa, magani ya rasa inda zai kama. Sauran ƙwayoyin kansar su mutu, wannan mai sauyin ta tsira, ta hayayyafa, ciwo ya dawo. Sai a 2012 aka samu wani magani, ponatinib, mai iya mata.

A shekarar ne kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda CRISPR, wata dabara mai aiki kamar almakashi, ke yanka ƙwayar gado daidai inda aka nufa, abin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2020. A 2014, don gano abin da ke sa magani ya daina ci, tawagar masani Feng Zhang ta ɗebi ƙwayoyin kansar fata, ta sa CRISPR ta lalata ƙwayoyin gado sama da 18,000, kowace ƙwaya da tata, sannan ta zuba musu vemurafenib, maganin wannan kansar. Waɗanda suka ƙi mutuwa aka tsince, aka duba me aka lalata musu. Sai ga ƙwayoyin gado NF1 da MED12, waɗanda dama ana zargi, ga kuma sababbi irin su NF2 da CUL3. Don Allah kar wani ya fita ya ce an samu allurar warkewa. A ɗakin gwaji aka yi wannan, ba a jikin mutum ba.

Ni kuwa a ganina, a nan Kano, kafin a zargi ƙwayar gado, likita ya fara tambaya cikin hikima: "Baba, kana shan maganin kullum kuwa?" Wani kuɗin mota daga ƙauye zuwa asibitin Malam Aminu Kano ne ya gagare shi, wani kuma ya ji sauƙi ya ajiye.

Na ji an kira la'asar. Masu tambaya, sai mun idar.