Yaranmu sun daina zuwa gwajin wasa

Ku yi mini haƙuri, 'yan'uwa, zan tsallake jerin ajanda. Rahoton kuɗi yana hannuna, zan zo kansa, amma akwai abin da ya tokare mini ƙirji, idan ban fitar da shi ba ba zan iya karanta muku ko layi ɗaya ba.

Asabar ɗin da ta wuce na buɗe ɗakin nan da ƙarfe biyu, na jera kujeru goma sha biyu kamar yadda na saba, na shimfiɗa tabarmar da muke amfani da ita a matsayin tsakar gida. Yara uku suka zo. Uku! Muka zauna muna kallon ƙofa har la'asar, sannan na naɗe tabarmar. Kowa a nan ya san dalili, don kowa ya saurari saƙon muryar da aka tura zauren WhatsApp kashegarin wasan Sallah. Ba zan ambaci suna ba. Wanda ya tura yayana ne, ya riga ni zuwa ƙasar nan, kuma da na iso ban san kowa ba shi ya nuna mini yadda ake hawa jirgin ƙasa. Ina ganin girmansa, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

'Yarmu da aka yi saƙon a kanta shekararta goma sha huɗu. A nan Bronx aka haife ta, sau ɗaya tak ta taɓa taka gida. Ita ta fito a matsayin kaka. Ta ɗaura zanen mahaifiyarta, ta shafa hoda a gira don ta yi furfura, ta wata biyu tana haddace zancenta. Ta hau dandamali ta ce "kafata" maimakon "ƙafata", ta ce "ya tafi" alhali mace take nufi. Gaskiya ne, ta yi kuskuren. Amma aka zauna aka kwaikwayi muryarta na tsawon mintuna, aka haɗa da ƙibarta, aka ce gara ta tsaya ga Turancinta. Ku duba, kujerar mahaifiyarta ma yau babu kowa.

Kun san sana'ata. Na shekara da shekaru ina jiran fasinja da dare a ƙofar gidajen wasan Broadway, wajen titi na 44 da na 45, idan an tashi mutane su cika mota suna ta muhawara kan abin da suka kalla. A bakinsu na fara jin sunan John Simon. Mutumin nan mai sharhi ne kan wasan kwaikwayo, ya rubuta wa mujallar New York tun ƙarshen shekarun 1960 har zuwa 2005, kuma a garin nan babu alƙalamin da 'yan wasa suke tsoro kamar nasa. Abin da ya sa nake kawo muku shi, baƙo ne kamarmu. A Subotica aka haife shi a 1925, a tsohuwar Yugoslabiya, ya zo Amurka yana saurayi. Turanci ba harshen uwarsa ba ne, amma ya laƙance shi, ya yi digirin digirgir a Harvard, har ya koma yana gyara wa masu harshen harshensu, ya rubuta littafi guda a kan yadda ake lalata Turanci. Ilimi kam yana da shi, ko maƙiyansa ba su musa ba.

To amma ga abin da yake yi da ilimin. 'Yar wasa za ta fito, maimakon ya tsaya kan wasan, sai ya koma kan halittarta. Ya yi wa Barbra Streisand ba'a a kan hancinta. Ya kwatanta fuskar Liza Minnelli da ta kare. Ya kwatanta jikin Diana Rigg da ginin hubbare na bulo, maganar ta zauna mata a rai, har daga baya ta tattara munanan sharhin da aka taɓa yi wa 'yan wasa ta mai da su littafi. A 1969 ƙungiyar masu sharhin wasan kwaikwayo ta New York, wato abokan sana'arsa, suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi karɓarsa, sai shekarar da ta biyo baya aka shigar da shi. A 1973 wata 'yar wasa, Sylvia Miles, ta same shi a gidan cin abinci ta juye masa farantin abinci a ka saboda abin da ya rubuta a kanta. A 1980 mutum ɗari uku suka sa hannu a wata sanarwa a jaridar Variety suna kuka da muguntar alƙalaminsa.

Ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 2019 yana da shekara 94. Makon da ya rasu ina kan aiki, na saurari abin da ake faɗa a bayan motata, na ga abin da jaridu suka buga. Mutum ya shekara sama da hamsin yana rubutu, ya kalli wasannin da ba sa ƙirguwa, ya yaba wasu da dama, yana ƙaunar finafinan Ingmar Bergman har ya rubuta littafi a kansa. Amma da aka tashi tuna shi, da me aka fara? Farantin abincin nan. Hancin wance, fuskar wance. Duk karatun Harvard ɗin sai ya koma sakin layi na ƙasa. Akwai masu kare shi, suna cewa shi ne wanda ba ya yabon abin da bai kai ba, a garin da kowa ke shafa wa kowa mai a baki. Na yarda akwai gaskiya a nan. Sai dai har su ɗin, kafin su yabe shi, dole su fara ba da haƙuri a kan bakinsa. Abin da ya bari ke nan.

Kuma ku lura, iyayena. Waɗanda ya soka manyan 'yan wasa ne, ana biyansu, suna da lauyoyi, suna da masoya, gobe wani mai sharhin zai yabe su. 'Yarmu fa? Ba ta da wani dandamali sai namu. Ba ta da wasu masu kallo sai mu. Idan muka yi mata dariya, duniyar Hausarta gaba ɗaya ce ta yi mata dariya. Ta koma makaranta inda ba wanda zai raina lafazinta, shi ke nan mun rasa ta, ba faɗa ba hayaniya.

Kada wani ya fita ya ce na hana gyara. Wallahi ni ma kunnena yana ƙaiƙayi idan na ji an maida ƙ ta zama k. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma mu a ina muka koya? A bakin kakanninmu muka koya, da tatsuniya bayan isha'i. A wasan tashe muka koya, goma ga azumi, muna bin gida-gida da gemun auduga da tsumma a ciki, murya na rawa, waƙa na kuɓuce mana, matan gida suna dariyar jin daɗi suna zuba mana hatsi a ƙwarya. Ba wanda ya taɓa kiran taro a kan kuskurenmu. Gari guda ne ya koya mana magana. Yaran nan ba su da garin. Sa'a biyu suke da ita ranar Asabar, a ɗakin haya, bayan mako guda cur cikin Turanci. Duk da haka yarinya ta tsaya gaban mutum sama da ɗari ta yi minti ashirin tana Hausa! Ni da na ga ta dogara sanda ta ce "sannu jikalle", sai da na sunkuyar da kai don kada a ga idona. Tsohuwata na tuna.

Rahoto a taƙaice. Kuɗin wata dala ashirin ne, har yanzu kusan rabinmu ba su biya na wata uku ba, ma'aji yana bakin ƙofa. Mai ɗakin nan ya ƙara haya daga farkon shekara. Asusun jana'iza yana nan yadda yake. Masu neman takardar shaidar ƙungiya su ga sakatare bayan taro. Shi ke nan.

In koma kan yaran. Abu uku nake roƙo, kuma ina so a tsayar da su yau kafin mu watse. A goge saƙon nan daga zaure, wanda ya ajiye a wayarsa ma ya goge don Allah. Daga yau wanda ya ga gyara a wasan yara ya kawo wa kwamitin al'adu, ko ya zo wurin gwaji da ƙafarsa ya zauna da yaron ya nuna masa yadda ake furtawa. Yaya, kai da kunnenka ya fi na kowa kama kuskure, kai muka fi buƙata a wurin. Ka zo ranar Asabar ka koya mata ƙ ɗin nan da bakinka, na rantse kafin wata guda za ta iya.

Na uku, a tashi mutum uku su je gidan su yarinyar. Ba waya ba, ba saƙo ba, a je a yi sallama a zauna. Ni zan tuƙa, motata tana waje. Hajiya shugabar mata, ina roƙon ki shige mana gaba, uwar ta fi jin nauyinki. Saura mutum ɗaya. Wa zai ɗaga hannu?