Madubi Mai Faɗin Mita 39 a Hamadar Atakama

Idan kun ɗaga kai da dare kuka ga taurari suna ƙiftawa, to ba su ne ke ƙiftawar ba. Iskar da ke tsakaninmu da su ce ke karkata haskensu, nan zafi, can sanyi. Ga masanin taurari wannan babbar matsala ce, don hoto dishi-dishi yake fitowa.

Shi ya sa aka harba na'urorin hangen nesa irin su Hubble da James Webb can sama, gaba da iska. Sai dai roka tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Madubin James Webb mita 6.5 ne kacal, shi ma sai da aka naɗe shi kafin ya shiga. A ƙasa kuwa babu wannan takura, kuma gwargwadon faɗin madubi, gwargwadon hasken da zai tara.

Ku dubi dutsen Armazones a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, tudun da ya haura mita 3,000. A 2014 aka fasa kansa da nakiya aka baje, hukumar binciken taurari ta ƙasashen Turai, wato ESO, take gina na'urar hangen nesa mai suna ELT a wurin. Faɗin madubinta mita 39, alhali gwarzon yanzu, na tsibirin La Palma na ƙasar Sifen, mita 10.4 ne. Ba a iya zuba gilashi guda mai wannan girma, don haka guntaye 798 masu kusurwa shida za a jera, kowanne ana saita shi ba dare ba rana don su zama tamkar madubi ɗaya.

To iskar fa? Nan ne gwanintar take. Na'urar za ta cilla hasken leza zuwa kimanin kilomita 90 sama, ta ƙirƙiri tauraron roba. Kwamfuta ta auna yadda iska ta murɗa haskensa, sai ta umarci wani madubi, wanda kaurinsa bai kai milimita 2 ba, ya sauya siffa har sau 1,000 a daƙiƙa guda. Iska na ɓatawa, shi yana gyarawa.

Da wannan ake fatan raba hasken ƙaramar duniya da na tauraron da take kewayawa, a binciki iskarta ko akwai ruwa ko iskar oksijin. Za a kuma leƙa rukunan taurarin farko-farko. Ana sa ran fara aiki wajen 2030.

Akwai wasu manyan na'urori biyu irinta da ake shirin ginawa. GMT, ita ma a Chile, madubai bakwai ne masu mita 8.4, waɗanda aka zuba a Jami'ar Arizona ta Amurka. TMT mai mita 30 kuwa ta tsaya cak: 'yan asalin Hawai sun tare hanyar dutsen Mauna Kea, inda za a gina ta, a 2019, domin wuri ne mai tsarki a wurinsu.