Inayan da 'Yan'uwanta: Lacca a Kan Wasu Kalmomin Harshen Kankanaey

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, iyaye mata da ke can baya, barkanmu da yamma. Yau tafiyarmu mai nisa ce, ƙasar Filifin za mu, arewacin tsibirin Luzon, kan duwatsun da ake kira Kodilera. A can mutanen Kankanaey suke, a arewacin lardin Benguet, garuruwa irin su Buguias da Mankayan da Kibungan, sai kuma yammacin lardin da ke maƙwabtaka da shi, inda Sagada da Besao da Bauko suke. Manoma ne. Sun sassaƙa jikin dutse hawa-hawa sun mai da shi gonakin shinkafa, yanzu kuma kabeji da karas da dankalin Turawa na Buguias har kasuwannin Manila suke zuwa.

Bari in fara da abin da zai sa ku farka. A harshensu, ido shi ne "mata". (Dariya.) To, maza ku ji, a Luzon kowa da mata biyu ake haihuwarsa. Biyar kuma "lima", ruwa "danum", wuta "apoy". Wanda ya san Malayanci zai gane mata da lima nan take, domin dangi ɗaya ne, babban dangin harsunan Ostronesiya, wanda ya watsu tun daga Hawai har Madagaska a gefen Afirka. Waɗannan kalmomi ba su da wuya, ka ba ni ɗaya in ba ka ɗaya, ciniki ya faɗa.

Shinkafa ma da sauƙi. Wadda take gona ko take cikin ɓawonta "pagey", wadda aka sheme aka gyara "bagas", gonar kanta kuma "payew". Mu ba za mu yi mamaki ba, tunda gero a wurinmu zangarniya ne, dami ne, tsaba ne, surfe ne, gari ne. Abin da mutum yake ci, shi yake yi wa sunaye.

Ku lura da rubutu kaɗan. Idan kun ga ɗan layi a tsakiyar kalma, kamar "dap-ay", ba ado ba ne, tsayawar maƙogwaro ce, irin hamzar da muke yi a "sana'a" ko "jama'a". Dap-ay ɗin nan, a Sagada, dandali ne da aka shimfiɗe da duwatsu, da murhu a tsakiya, da ɗan ɗaki a gefe. Nan dattawa suke zama su sasanta rikici su sa ranar bukukuwan noma da ake kira "begnas", a da kuma nan samari suke kwana suna matsa wa tsofaffi ƙafa suna sauraron labarin kakanni. Yanzu ku gaya min, da wace kalma ɗaya za a fassara shi? Ka ce fada, babu sarki a ciki. Ka ce majalisa, ai ba a kwana a majalisa. Ka ce zaure, ka bar rabin ma'anar a waje.

A nan ne aikin mai ƙamus yake cije wa. A 1933 wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, Morice Vanoverbergh, ya fitar da ƙamus na Kankanaey kamar yadda ake yin sa a Bauko. Shekara ɗaya bayan haka, 1934, ƙamus ɗin Bargery na Hausa ya fito. Dukansu 'yan mishan, dukansu sun yi aikin da har gobe ake cin moriyarsa. Amma ni a ganina, ƙamus gawar kalma yake ajiyewa da kyau, numfashinta kuwa yana bakin masu ita.

Ga misali mai rai, "og-ogbo", wasu su ce "ub-ubbo". Yau a taru a gonarka, gobe a tawa, babu kuɗin ƙwadago, sai abinci da mai gona zai kawo. Bahaushe na jin wannan zai ce gayya! Ya kusa. Sai dai a og-ogbo nauyin ramawa a bayyane yake: yinin da aka yi maka bashi ne a wuyanka, da yini za ka biya.

To, mu zo ga uwar tafiyar, "inayan". Wannan kalma ita ce ta sa na zaɓi wannan batu. Ku ƙaddara dare ne, lokacin ƙarancin ruwa, ruwan yana gangarowa daga payew ɗin sama zuwa na ƙasa. Wani saurayi ya tsuguna zai toshe magudanar maƙwabcinsa ya karkato da ruwan gonarsu. Babu mai ganinsa. Kakarsa ta ji labari, ba ta ce doka ta hana ba, ba ta ce za a kama ka ba. Cewa za ta yi, "Inayan!" Shi ke nan, hannunsa ya yi sanyi. Ma'anarta tsoron aikata abin da zai cuci wani, ko ƙasa, ko ruwa, domin sakamakon zai dawo, in bai same ka ba ya sami 'ya'yanka, ko dabbobinka, ko amfanin gonarka. Ba kunya ba ce, kunya suna da kalmarta daban, "bain", kuma kunya sai da idon mutane. Inayan kuwa ko a duhu tana aiki. Na daɗe ina juya ta, ban sami abin da ya fi kusa da ita ba kamar alhaki, wanda muka ce kwikwiyo ne, mai shi yakan bi. Amma ko alhaki sunan abin da ke biyo baya ne, ita kuwa inayan birki ce tun kafin a aikata. Kuma tushenta addininsu na gargajiya ne, inda ake ambaton Kabunian, babban abin bautarsu, da ruhohin kakanni. Yawancinsu yau Kiristoci ne, kalmar kuwa tana nan daram, har a taron kare gandun daji da maɓuɓɓugan ruwa ana jin ta.

Na ga mai gabatarwa yana ɗaga min agogo. Saura guda biyu gajeru. Idan amfanin gona ya lalace ko rashin lafiya ta shigo gida, sukan ce wa juna "kasiyana", wato komai zai daidaita, kusan yadda muke cewa zai wuce. Ta godiya kuwa "iyaman". Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirufo.