Kumfa, Yana ko Funfuna: Yadda Ake Gane Burkutun da Ya Lalace Tun Yana Tukunya

Masu kallo, tambayar da ta fi yawa a cikin saƙonnin da kuka aiko mana ita ce ta farin abin da ke taruwa a saman tukunya idan burkutu ya kwana, domin wasu suna zubar da dahuwa mai kyau saboda tsoronsa, wasu kuma suna yaɗe abin da ya kamata ya tsorata su, su ci gaba da sayarwa. Mata ne suka fi riƙe wannan sana'a a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, haka ma masu irin wannan giyar dawa da ake kira fito a arewacin Gana, da bilbil a arewacin Kamaru. Wanda addininsa ya hana shi giya ma zai amfana, saboda alamomin nan su ne dai ake gani a ruwan kamu da kunun zaki idan sun fara juyawa.

Aikin farko kun san shi, ga shi kuma kuna gani. Ana jiƙa dawa, a shanya ta a rufe har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, ya huce, sannan a zuba masa ragowar tsohuwar dahuwa wadda ke ɗauke da yis. Tsamin daren farko ba lalacewa ba ne. Ƙananan ƙwayoyin halittar da ke kawo shi, waɗanda ido ba ya gani, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo ne, kuma tsamin nasu yana hana miyagun ƙwayoyi da yawa sakewa.

Yanzu mu tsaya a kan waɗannan tukwane uku, domin a nan ruɗanin yake.

Ku dubi ta farko da kyau. Kumfar tana motsi, tana tasowa daga ƙasa tana fashewa, kuma idan kuka kara kunne za ku ji tana ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Launinta ya ɗauko jan dawa, ƙamshinta na kwaɓin burodi ne, kuma iskar da ke fita tana ɗan yaji a hanci. Wannan yis ne yake cin zaƙin tsiro, yana mayar da shi barasa da iska. Ko da kumfar ta yi kauri ta bar datti a gefen tukunya, babu abin damuwa. Wani lokaci ma akan ji ɗan warin ƙwai a farkon aikin, wanda yis ɗin ne da kansa yake fitarwa, kuma yakan wuce.

Ta biyu ba ta motsi ko kaɗan. Abin da ke samanta yana ce fara, siririya, kamar an barbaɗa gari a kan ruwa, ta yi tamoji, kuma 'yan kumfar da suka maƙale a ƙarƙashinta ba sa fashewa. Ku lura da yadda take yagewa idan ludayi ya taɓa ta. Wannan yanar aikin wani baƙon yis ne da wasu ƙwayoyi masu son iska, waɗanda sukan shigo ta ƙafar ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace ko ta muciyar da ba a wanke ba. Daga cikinsu akwai Asetobakta, wadda ke mayar da barasa ruwan khal, wato binega, shi ya sa tsamin irin wannan tukunya yake kartar maƙogwaro, saɓanin tsamin kindirmo mai laushi. Tun a 1876 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa ƙwayoyin da suka shigo daga waje ne ke ɓata giya. Yawanci yanar ba guba ba ce, amma shaida ce cewa dahuwar ta fita hannun mai ita, kuma ni a ganina bai dace a ɗebi ragowarta a zuba wa dahuwar gobe ba, domin da ita za a kai cutar cikin sabuwar dahuwar. Haka nan idan kuka ɗaga ludayi kuka ga ruwan yana bin sa da yauƙi kamar miyar kuɓewa, ƙwayoyi ne suka yi yawa.

Ta uku ita ce wadda nake roƙon iyayenmu mata su riƙe hotonta a zuciya. Abin da ke samanta yana da gashi-gashi kamar auduga, ya fito tsibi-tsibi a wurare daban-daban, wani kore, wani baƙi, kuma warinsa irin na ɗakin da damina ta daɗe tana yoyo a cikinsa ne. Wannan funfuna ce. Kuskuren da ake yi shi ne a yaɗe ta a sake dafawa, da zaton wuta tana kashe komai. Wuta tana kashe funfunar, amma wasu nau'o'inta suna barin guba a baya, kuma mafi shahara cikinsu, wato aflatoksin mai lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, tana jure zafin da ya zarce digiri 100 na tafasar ruwa nesa ba kusa ba. Ido ba ya iya bambance funfuna mai guba da marar guba, saboda haka tukunya irin wannan zubarwa ake yi gaba ɗaya, a wanke ta da ruwan zafi, a kife ta a rana. Haka ake yi wa wadda ke warin amai ko na ruɓaɓɓen nama. Na san asarar buhun dawa da itace da wahalar kwanaki ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciyar da 'ya'ya da wannan sana'a, kuma ban faɗi haka don raina wahalarta ba.

Akwai kuma gubar da ba ta nuna kanta a saman tukunya sam. A watan Janairun 2015, a garin Chitima da ke lardin Tete na ƙasar Mozambik, mutum 75 sun mutu bayan sun sha giyar gargajiya da ake kira pombe a wajen zaman makoki. Da farko an yi ta yaɗa cewa maɗaciyar kada aka zuba a ciki, amma bincike ya gano cewa garin masarar da aka yi ta da shi ne ya lalace, wata ƙwayar cuta ta hayayyafa a cikinsa ta saki guba marar wari da ɗanɗano, wadda dahuwa ba ta kashewa.

Don haka binciken yana farawa tun daga tabarmar shanya. Ku ɗebi tsiron a tafin hannu, ku watsa shi da yatsa, ku shinshina. Idan ƙwayoyin dawar sun dunƙule, ko sun yi baƙi-baƙi da kore, ko ruwan sama ya taɓa buhun ya kwana da laima, kada ya shiga injin niƙa. Idan kuma dahuwa ta huce an zuba yis, ku rufe bakin tukunyar da tsabtataccen ƙyalle ku ɗaure shi da zare, yadda iska za ta fita amma ƙuda ba zai samu hanya ba.