Yadda ake shiga mafarki ido biyu, jiki yai bacci hankali na farke

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina, da duk inda kuke kallonmu. Yau maganar bacci zamuyi amma wani ɓangare nashi da ba kowa ya saba ji ba, wato mutum ya kwanta da saninsa, jikinsa yai bacci, hankalinsa kuma bai ɗauke ba har ya tsinci kansa tsakiyar mafarki yana sane sarai cewa wannan fa mafarki nakeyi. Turawa suna ce ma wannan hanya WILD. Kuma tun yanzu bari in faɗa muku inda mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa, suna ta haddace dabaru iri iri alhali lokacin da suke kwanciya ne bai dace ba.

Shi kanshi mafarkin da mutum ya san yana mafarki ba baƙon abu bane. Wani nazari da aka fitar a 2016 wanda ya tattara binciken shekaru hamsin ya nuna kusan kashi 55 cikin ɗari na mutane sun taɓa yinsa ko sau ɗaya a rayuwa, kusan kashi 23 kuma suna yi duk wata. Amma yawancinsu sai suna cikin mafarkin ne suke farga, misali kaga kanka a gidanku na Kano amma ƙofar ɗakin tana buɗewa cikin Harami, sai kace kai wannan ai ba zai yiwu ba. Wanda muke magana yau daban yake, babu yankewa tsakanin farke da mafarki, kana ji kana gani zaka tsallaka.

Masu cewa duk tatsuniya ce, toh an gwada a ɗakin bincike. A 1975 a jami'ar Hull dake Ingila, Keith Hearne ya haɗa ma wani mutum mai suna Alan Worsley na'ura, sukayi alƙawari cewa in ya gane yana mafarki ya juya idonsa hagu da dama, hagu da dama. Na'ura na nuna mutumin bacci yake, sai ga alamar ta fito a takarda. Stephen LaBerge a jami'ar Stanford ta Amurka shima yayi irin wannan gwajin wajen 1980, shine ma ya yaɗa sunan WILD ɗin. A 2021 kuma masu bincike a Amurka da Faransa da Jamus da Holan suka yi ma masu bacci tambayar lissafi, irin takwas a cire shida, wasu suka bada amsa daidai da motsin ido suna cikin mafarkin.

Me yasa ido? Saboda a matakin baccin da ake kira REM, wanda aka gano a jami'ar Chicago a 1953, ƙwaƙwalwa tana kashe motsin kusan duk tsokar jiki dan kada ka tashi kana aikata abinda kake mafarki, amma ta bar ido da numfashi. A wannan matakin ne mafarki mai tsawo mai kala yafi zuwa.

Toh ga inda maganar lokaci ta shigo, ku saurara da kyau. Bacci zagaye yakeyi, kowane zagaye kamar minti 90. In ka kwanta farkon dare jiki nauyayyen bacci yake nema tukuna, REM na farko baya zuwa sai bayan awa ɗaya da wani abu kuma gajere ne, minti goma ko ƙasa da haka. Yanzu ka duba wanda ya dawo daga dawam, wato wajen aiki, a gajiye, ya kwanta sha ɗaya na dare yace zai riƙe hankalinsa har ya shiga mafarki, ya'ani yana so ya ratsa fiye da awa guda na bacci mai nauyi yana sane. Abu biyu ne zai faru, ko bacci ya kwashe shi cikin minti biyar, ko ya kwana yana kallon silin yana jin ƙarar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, har ɗaya na dare. Amma can ƙarshen dare lissafin juyawa yake, nauyayyen baccin an riga an biya shi, REM na ƙara tsawo yana kaiwa rabin awa ko fiye, kuma in ka farka ka koma yana zuwa da wuri. Shi yasa masu wannan abu suke cewa kayi bacci awa biyar zuwa shida, ka tashi, ka zauna a farke minti 20 zuwa awa ɗaya, sannan ka koma ka gwada.

Abin dariya, Bature sai ya saita agogo ya tashi kanshi da ƙyar dan wannan, mu kuwa dama haka rayuwarmu take. Asuba a Makka lokacin zafi huɗu da 'yan mintuna ce, lokacin sanyi tana haura biyar da rabi. Ka kwanta sha ɗaya, ladan ya tashe ka, kayi alwala ka taka zuwa masallaci, a jira iƙama, ayi sallah, kayi azkar ka dawo, kaga minti arba'in zuwa awa ya tafi kuma hankalinka ya wartsake daidai gwargwado. Na sani akwai malamai da basa son bacci bayan asuba, sunfi son a zauna har rana ta fito, wanda yake kan haka sai ya bari sai hantsi ko ya gwada a ƙailula, baccin rana shima yana yi. Sharaɗi ɗaya ne, sallah tukuna. Kada wani ya farka saura rabin awa a kira sallah yace bari in gwada, sai ya buɗe ido yaga rana. Kuma ni da zan zaɓa maka rana Asabar zan ce, ba Juma'a ba, dan baccin safiyar Juma'a kowa ya san inda yake kai mutum.

'Yan unguwannin Sharamansur da Jarwal a Makka masu raba dare ana hira ana shan shahi, musamman da azumi da ba'a kwanciya sai bayan sahur, ku wannan lissafin bai hau kanku ba. Baccin da zakuyi bayan asuba shine baccinku na farko, a gajiye kuke, kuna sa kai a filo shikenan. Daga sanda ka kwanta zaka ƙirga awa biyar ɗin, ba daga agogon bango ba.

Yanzu ka dawo ɗaki. Jawwal, wato wayar hannu, a ajiye shi nesa, gahawa da shahi a bari sai anjima. Ka daidaita mukayyif yadda sanyi bazai tashe ka neman bargo ba. Kayi addu'arka ta kwanciya, ka kwanta yadda ka saba yin bacci. Zakaji ana cewa dole sai rigingine, ba dole bane, hasali ma kwanciyar rigingine tafi jawo dannau, gefen dama ya wadatar. Ka saki jiki daga yatsun ƙafa zuwa sama, ƙwauri, cinya, ciki, kafaɗa, sai muƙamuƙi, nan ne mutane suke mantawa suna kwance amma haƙora a cije.

Sai ka ba hankalinka ɗan ƙaramin aiki guda ɗaya. LaBerge ƙirga ya koyar, kace a zuciyarka ɗaya, mafarki nake, biyu, mafarki nake, uku, haka haka. Wani numfashinsa yake bi, wani ƙarar mukayyif ɗin ma yake saurara. Duk wanda ka ɗauka wahalar ɗaya ce, in ka riƙe da ƙarfi bacci bazai zo ba, in ka saki gaba ɗaya ka tafi. Zaka lura ka kai talatin da bakwai sai ka samu kanka kana tunanin wani abu mara kan gado, wai kana ciniki da wani akan tumatir a cikin jirgi, wannan alama ce mai kyau, bacci ya matso, ka dawo kan ƙirgar a hankali ba tare da jin haushi ba. In yawu ya taru ka haɗiye abinka. In ƙaiƙayi ya dame ka ka sosa ka cigaba, masu cewa ko motsi kada kayi sune suke sa mutane kwanciya kamar an ɗaure su awa guda a banza.

Daga nan abubuwa zasu fara bayyana a bayan fatar ido. Farko ɗigo ɗigon haske, kala tana buɗewa tana rufewa, sai zane kamar na darduma, sai fuska ta gifta, ko titi, ko wani ɗaki. Kunne ma yana ji, ƙara kamar ta injin, ko kaji an kira sunanka sarai da muryar wanda ka sani. Wani yaji jikinsa na rawa, wani yaji yana nitsewa cikin katifa ko yana lilo. Duk wannan ƙwaƙwalwa ce ta fara haɗa mafarki alhali kai baka gama fita ba, kuma kowa yana ratsa irinsa in zai yi bacci, mantawa kawai akeyi. Abinda ake so dakai anan ka zama kamar wanda ke zaune a mota hanyar Makka zuwa Jidda yana kallon waje ta taga, dutse ya wuce, gidan mai ya wuce, baka bin ko ɗaya da ido. Da ka zabura kace yauwa gashi nan, ko ka juya ƙwayar idonka ta gaske dan ka kalli hoton da kyau, ya watse, sai a sake sabon lale. Ka bari hotunan su daɗe da kansu. Zasu fara tsayawa daƙiƙa biyu, uku, sai wani ya tsaya yayi zurfi, kaga bango yana da nisa, ƙasa tana da faɗi. A nan ne zaka miƙa hannu a cikin hoton, da niyya kawai banda tsokar jiki, ka taɓa bangon ko ka taka ƙasan. In kaji sanyin tayil a tafin ƙafarka alhali ka san kana kan katifa, toh ka shiga.

Sai maganar dannau, dan nasan ita ke ran kowa, Larabawan nan jasum suke ce masa. Ba kowa yake haɗuwa dashi a wannan hanya ba, da yawa suna wucewa basu ji komai ba. Amma yana iya zuwa, kuma gara ka sani tun kafin ka kwanta. A bayanin likitoci, wancan kashe motsin na REM ne ya kama jiki alhali hankali na farke. Kana so ka ɗaga hannu ya ƙi, kana so kayi magana ba murya, ƙirji yayi nauyi saboda tsokar haƙarƙari ta saki, amma tantanin dake ƙasan huhu yana aikinsa, iska na shiga tana fita. Tsoro kuma shi yake zana maka inuwa a bakin ƙofa. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna yake sakinka. In kana so ka fita kada kayi kokawa da duk jiki, ka maida hankali kan yatsa ɗaya na ƙafa ko ka motsa ido, ka karanta Ayatul Kursiyyu a zuciyarka, ka ja numfashi a natse. Wanda kuma dama dannau na yawan damunsa, ko yana fama da rashin bacci, ko yana da lalurar ƙwaƙwalwa da take sa shi jin muryoyi ko ganin abubuwa, dan Allah ya bar wannan abu. Haka direban da zai ɗau hanya da safe, da 'yar uwa mai shagala, wato aikatau a gidaje, da awa huɗu kawai take samu ta kwanta, baccinku yafi muku wannan wasan amfani nesa ba kusa ba.

In ka shiga, murna ce take fara koro mutum, daƙiƙa biyar ka farka. Ka tsaya, ka murza tafin hannunka biyu, ka kalli ƙasa, ka taɓa abinda ke kusa. Sau da yawa ma zakaga kamar ka farka a ɗakinka, ga gado ga labule komai daidai, kace kash bai yi ba, alhali mafarkin ne. Dan haka duk sanda ka tashi bayan gwaji ka toshe hancinka da yatsu ka ja numfashi, in iska ta shiga toh har yanzu kana ciki. Ko ka karanta wani rubutu, ka kauda kai ka sake dubawa, a mafarki yawanci canzawa yake.

Wani zai ce toh irin wannan mafarkin ana fassara shi? Hadisi ya raba mafarki gida uku, na gari daga Allah, na tsoratarwa daga shaiɗan, da wanda mutum ke zantawa da zuciyarsa. A ganina wanda kai da kanka ka shirya ka shiga kana juya shi yafi kusa da na ukun, bai kamata ka kai ma malami kace a fassara maka ba, balle kace an nuna maka wani abu akan wane. Ƙarya akan mafarki kuwa Bukhari ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kanta.

Mafi yawan gwajin farko bacci ne kawai zai ɗauke ka, WILD tana cikin hanyoyin da suka fi wuya. Dan haka ka haɗa ta da mai sauƙin, kafin ka fara ƙirga ka tuna mafarkin da ka farka daga shi, ka maimaita a ranka cewa in na sake yin mafarki zan tuna mafarki nake. A jami'ar Adelaide ta Ostireliya, Denholm Aspy ya gwada wannan da mutum 169 a binciken da ya fitar a 2017, waɗanda suka haɗa niyyar da tashi bayan awa biyar sun dace a kusan kashi 17 na gwajinsu cikin sati ɗaya, waɗanda bacci ya ɗauke cikin minti biyar da gama niyyar kuma kusan kashi 46. Ka ajiye littafi da biro kusa da filo, kana farkawa ka rubuta abinda ka gani kafin ka taɓa jawwal.